A Goge A Sake Ba Gyara Ba Ne

Akwai wata kalma da ta zama maganin kowace cuta a bakin masu gyaran kwamfuta na garin nan na Duwala. Daga shagunan Akwa zuwa lungunan unguwar Hausawa ta New Bell, har can Kotto, duk abin da ka kai, amsar ɗaya ce: "Sai an yi fomate." Wato a goge komai a sake zubawa. Kwamfuta na nauyi, a goge. Sauti ya ɗauke, a goge. Hoto na rawa, a goge. Da likitocinmu haka suke aiki, da wanda ya je asibiti da ciwon haƙori ya dawo gida ba ƙafa.

Ina so in ɗauki misali guda ƙarami in nuna yadda wannan ɗabi'a take cin dukiyar yaranmu, domin a cikinsa ne aka fi ganin ɓarnar a fili. Gyaransa layi ɗaya ne na rubutu. Amma saboda layin nan ɗaya ake goge aikin makonni.

Ga yadda abin yake faruwa. Yawancin kwamfutocin da samarinmu ke saya na hannu ne, waɗanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta garin nan. Suna zuwa da ƙaramin diski mai sauri wanda tsarin kwamfutar ke zaune a kai. Wasannin zamani kuwa manya ne, don haka yaro yakan tara kuɗi ya ƙaro diski na biyu, babba, domin ya zama rumbun wasanninsa. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, shi kuma Windows 11 yana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Wannan ya tura wasu zuwa tsarin Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, wanda kyauta ne kuma ba ya raina tsohuwar na'ura. Tun shekarar 2018 kamfanin Valve, mai manhajar Steam, ya fito da wata gada mai suna Proton da ke sa dubban wasannin Windows su yi aiki a kan Linux. To, yaro ya saka Steam, ya nuna mata diski na biyu, ya kwana uku yana sauke wasanni cikin dare lokacin da layi ya fi sauri. Ya yi wasa ya more. Ya kashe kwamfuta ya kwanta. Da safe ya kunna, sai ya tarar rumbu wayam. Kowane wasa yana ce masa a sauke shi daga farko, kamar bai taɓa ganinsa ba.

Hankalinsa ya tashi, ya rungumi kwamfuta ya hau bensikin sai shagon mai gyara. Mai gyara ya leƙa sau ɗaya, ya girgiza kai, ya ce diskin ya mutu, ko ƙwayar cuta ta cinye shi, ko kuma "wannan Linux ɗin dama ba ya da amfani." Hukunci: a goge a sake.

Malam mai gyara, diskin nan bai mutu ba. Ko ƙwayar fayil ɗaya ba ta ɓata ba. Kaya suna cikin shago, ƙofa ce kawai ba a buɗe ba.

Bari in yi bayani yadda wanda bai taɓa jin sunan Linux ba zai gane. A Windows kowane diski yana da harafinsa, wannan C, wancan D, kuma da ka kunna za ka gan su jere. Linux ba haka yake ba. Shi bishiya ɗaya ce mai rassa, kuma kowane diski sai an ɗaura shi a jikin wani reshe, wato wata folda, kafin a iya ganin abin da ke cikinsa. Diskin da tsarin ke kai yana ɗauruwa da kansa a kowace kunnawa, domin an rubuta umarninsa tun ranar da aka zuba tsarin. Diski na biyu kuwa, in ba a rubuta masa ba, yana nan zaune yana jiran sai ka danna sunansa a cikin manhajar duba fayiloli. Ranar farko yaron ya danna shi ba tare da ya san ya yi wani abu ba, shi ya sa komai ya tafi daidai. Washegari Steam ta riga shi tashi, ta je wurin da ta saba ganin rumbu, ta tarar ba komai, sai ta ɗauka wasannin babu su. Wannan ita ce cutar gaba ɗayanta. In ya rufe Steam, ya danna diskin, ya sake buɗe ta, galibi wasanninsa za su dawo kamar ba abin da ya faru. In ma Steam ta manta wurin, shiga saitinta a sashen ajiya a sake nuna mata foldar ya isa, domin kowane wasa yana da ɗan fayil ɗin shaidarsa a cikin foldar steamapps, da shi take gane abin da aka riga aka sauke.

Yanzu mu auna abin da "a goge" ke ci. Wasan Red Dead Redemption 2 shi kaɗai yana neman giga 150. Counter-Strike 2 yana neman giga 85. A ce layinka yana jawo mega 1 a kowace daƙiƙa ba tare da yankewa ba, giga 150 zai ɗauki awa 41 da ɗoriya. Waye a New Bell yake samun wuta da layi na awa 41 a jere? Kowa ya san farashin data a ƙasar nan, ya lissafa da kansa. Ba a manta ba, a 2023 mutanen Kamaru sun riƙa sa wayoyinsu a yanayin jirgin sama na wasu sa'o'i domin nuna fushi kan tsada da rashin ingancin layi. Ba a manta ba, a ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da tamu suka shiga wahalar layi. A irin wannan ƙasa abin da ka riga ka sauke dukiya ce, kamar buhun gero a rumbu. Mutumin Faransa da ke da wayar gilashi har cikin ɗakinsa yana iya gogewa ya sake saukewa kafin ya gama shan shayi. Mu ba mu da wannan gatan, amma mu ne muka fi kowa saurin gogewa.

Kuma ba wasa kaɗai ke zaune a diskin nan ba. Babban diski a gidan Bahaushe na kowa ne. Can ake ajiye bidiyon bikin yaya, da hotunan sunan ƙane, da karatun malamai da Baba ya sa aka tura masa, da lissafin shagon Kawu, da takardun makaranta. Mai gidan gem kuma, wanda yara ke biya su yi wasa na minti talatin, diskin nan shi ne jarinsa. Kwana uku ba wasa, kwana uku ba cefane. Duk wannan ake sharewa da dannawa biyu, sannan a karɓi kuɗin aiki. An ƙone rumbu saboda makulli ya shige ƙarƙashin tabarma, kuma an biya mai ashana lada.

To mene ne gyaran na dindindin? A cikin Linux akwai wani fayil mai suna fstab, yana zaune a /etc/fstab. Shi ne rajistar da tsarin ke karantawa a kowace kunnawa domin ya san wane diski zai ɗaura, a ina, kuma da wane sharaɗi. Fayil ne na rubutu zalla, an gaje shi daga tsarin Unix tun kafin Linus Torvalds ya fara Linux a Finlan a 1991. Abin da ake buƙata shi ne a ƙara wa diski na biyu layinsa.

Da farko a buɗe taminal, wato baƙin allon rubuta umarni, a rubuta lsblk -f. Zai jero diskokin da ke cikin kwamfutar, kowanne da irin tsarinsa da wata doguwar lamba da ake kira UUID. Lambar nan ita ce katin shaidar diskin. Da ita za a yi aiki, kada a yi da sunaye irin su sdb, domin waɗannan sunayen layi ne, wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. Yau diskinka ne sdb, gobe in ka kunna da filashi a jiki yana iya zama sdc. Lambar shaida kuwa ba ta canzawa sai ranar da aka goge diskin.

Sai a yi masa ƙofa, wato foldar da za a ɗaura shi, da umarnin sudo mkdir /mnt/wasanni. Kafin a taɓa rajistar a ajiye kwafinta da sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.ajiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a buɗe ta da sudo nano /etc/fstab, a gangara ƙasa, kada a taɓa layukan da aka tarar, a ƙara wannan:

UUID=lambar-diskinka /mnt/wasanni ext4 defaults,nofail 0 2

Gaɓa shida ce, kowace da ma'anarta. Ta farko, wane diski. Ta biyu, ina za a ɗaura shi. Ta uku, irin tsarinsa. Ta huɗu, sharuɗɗa. Ta biyar tsohon abu ne da ba a cika amfani da shi ba yanzu, a bar ta sifili. Ta shida, lamba 2, tana cewa a duba lafiyar diskin lokacin tashi, bayan an duba babban. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan dubawar ba ado ba ce.

Kalmar nofail ita ce wadda ba na so kowa ya manta. Ma'anarta, in wata rana diskin bai amsa ba, ko waya ta kwance, ko an cire shi, kwamfuta ta ci gaba da tashi. In babu ita, tsarin zai tsaya yana jiransa na daƙiƙa 90, sannan ya jefa ka cikin baƙin allon gaggawa. A nan ne mai kwamfuta ke firgita ya sake komawa hannun 'yan a goge. Haka kuma kada a ƙara kalmar user ko users cikin sharuɗɗan don an ga wani ya yi, domin tana zuwa da haramcin gudanar da manhaja daga diskin, ita kuma Steam ba ta karɓar rumbun da ba za ta iya tayar da wasa daga cikinsa ba.

Kafin a kashe kwamfuta a gwada. A rubuta sudo findmnt --verify ya duba kuskuren rubutu, sannan sudo mount -a. In bai yi ƙorafi ba, kuma ka ga kayanka a cikin /mnt/wasanni, aiki ya yi. Saura a mallaka maka foldar da sudo chown -R sunanka: /mnt/wasanni, domin sabon diski na mai iko da tsarin ne, kai baƙo ne a cikinsa sai an ba ka. Daga nan a nuna wa Steam sabon wurin sau ɗaya. An gama har abada. Wanda baƙin allo ke ba shi tsoro, akwai manhaja mai suna Disks, ko Disques ga mai kwamfutar Faransanci, da ke zuwa tare da Ubuntu da Mint. A zaɓi diskin, a shiga zaɓin ɗaurawa, a kashe saitin da ya zo da shi, a sa alama a kan ɗaurawa lokacin tashi. Layin nan dai take rubuta maka a ɓoye.

Minti goma ke nan, har da shan ruwa. Wannan ne abin da ake goge giga ɗari biyar a kansa.

Na san abin da masu gyara za su ce, kuma ba zan yi kamar ba su da hujja ba. Za su ce mutane ba sa biyan kuɗin bincike, sai sun ga an yi wani babban abu. Za su ce shago cike yake, ba lokacin zama a kan kwamfuta ɗaya. Za su ce su Windows suka koya a hannun ubangidansu, ba wanda ya koya musu Linux. Na yarda da dukkan ukun. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ya halatta ka ce wa mutum diskinsa ya mutu alhali ba ka duba ba. "Ban san wannan ba, je wurin wane" magana ce ta mai sana'a, kuma ba ta taɓa rage wa kowa daraja ba. Wanda ya kawo maka na'urarsa amana ya kawo. In ka rufe rashin saninka da asararsa, ka ci amanar, ko da ba ka ɗauki ko sisinsa ba bisa ƙa'ida. Kuma batun lokaci ma bai tsaya ba, domin gogewa da sake zubawa ta fi awa ɗaya, layin fstab kuwa minti goma. Gaskiyar ita ce gogewa ba ta buƙatar tunani, shi ya sa ta yi farin jini.

Akwai wuri ɗaya da gogewa ke da hujja, kuma adalci ne in faɗe shi. Idan diskin daga Windows ya fito, tsarinsa NTFS ne. Linux yana karanta shi yana rubutu a kai, amma zaman nasu na kishiyoyi ne. Tun daga Windows 8 akwai saitin tashi da sauri wanda ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, sai ya bar diskin a kulle, Linux ya zo ya ƙi yin rubutu a kai. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, diskin yakan samu alamar datti, wani lokaci ya ƙi ɗauruwa sai an kai shi Windows an duba shi da chkdsk. Proton kuma yana ƙirƙirar sunayen fayiloli masu alamomin da Windows ba ya yarda da su, har wasu wasannin su ƙi tashi. Don haka wanda ya koma Linux ɗungurungum, alherinsa ya mayar da diskin wasanninsa ext4, kuma wannan sai an goge. Amma dubi bambancin. Ana kwashe kaya zuwa wani diski tukuna, a tabbatar sun isa lafiya, a goge, a dawo da su, kuma mai kaya ya san dalili ya amince. Wannan tiyata ce da aka yi bayan gwaji. Abin da nake yaƙi da shi yanka ne ba tambaya.

Ba masu gyara kaɗai ke da laifi ba. Akwai 'yan uwanmu masoya Linux, waɗanda suke yawo da filashi a aljihu kamar masu wa'azin turmi, suna zuba wa kowa tsarin suna cewa ya fi Windows. Ka zuba wa yaro tsari, ka ga yana da diski biyu, ka san sarai abin da zai faru gobe da safe, amma ka tafi ba ka rubuta masa layin ba. Da ya kira ka, ka ce ya je ya yi bincike. Ka haƙa rijiya ka tafi da guga. Kuma ba ka gaya masa gaskiya ba cewa wasu wasannin da ya fi so, irin su Fortnite da Valorant da sababbin wasannin ƙwallo na EA, ba sa aiki a Linux saboda manhajojin hana maguɗi da ke cikinsu. Da ka gaya masa tun farko, da ya zaɓa da idonsa a buɗe. Duk yaron da ya koma wurin 'yan a goge yana zagin Linux, kai ka tura shi. Su ma masu haɗa tsarin suna da nasu kason. Na'urar Steam Deck da Valve ya fitar a 2022 Linux ce ke cikinta, kuma in ka sa mata katin ajiya ta tsara shi, tana ɗaura shi da kanta ba tare da ka rubuta komai ba. Ashe abin mai yiwuwa ne. Tambaya ɗaya ga mai kwamfuta, ko yana so diskin nan ya riƙa buɗewa kullum, da ta wadatar.

Saura iyayenmu, waɗanda na san wasunsu tun daga sakin layi na biyu suka ce, "Duk wannan surutu a kan wasa?" Allah ya ƙara girma, ku ba ni aron kunne. Telan New Bell da ba ya iya kwance kan kekensa ya sa masa mai, ba ya daɗewa a sana'a. Ɗan bensikin da sai ya tura babur wurin bakanike saboda fulogi ya yi baƙi, rabin abin da ya samu na bakanike ne. Mun san wannan a kowace sana'a da muka gada, me ya sa muke mantawa da shi in an zo kan kwamfuta? Layin da yaro zai rubuta don wasansa ya tashi, shi ne dai layin da ake rubutawa a manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet na duniya, domin yawancinsu Linux ne. Yaron da ya fahimci UUID da ikon mallakar folda saboda son wasa, ya taka matakin farko na aikin da ake biyan albashi a kansa. Ba ma sai mun je Turai neman shaida ba. A Yawunde, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan Aurion a kan Steam a 2016, aikin 'yan Kamaru, aka saya a ƙasashen duniya. Waɗanda suka yi shi da wasa suka fara. Bambancin yaron da wasa ya lalata da wanda wasa ya gina, sau da yawa, shi ne ko ya taɓa buɗe murfin ya ga yadda abin ke aiki. Ɗabi'ar a goge a sake tana rufe murfin nan. Tana koya wa yaro cewa kwamfuta aljana ce, ba a fahimtarta, sai dai a kai ta wurin boka.

Saboda haka ga abin da nake nema. Kai mai kwamfuta, duk ranar da aka ce maka sai an goge, yi tambaya uku kafin ka saki na'urarka. Shin kwamfutar tana ganin diskin? Shin an gwada buɗe shi an ga abin da ke ciki? Shin ina za a ajiye kayana kafin a goge? Wanda ya kasa amsa ukun nan, ɗauki abinka ka yi gaba, ba rashin kunya ba ne. Kai mai gyara, ka ware yamma ɗaya ka zuba Linux a wata tsohuwar kwamfuta ta shagonka, ka rubuta layin nan, ka ɓata shi da gangan, ka gyara, sannan ka koya wa yaran shagonka. Za ka zama wanda ake nunawa da yatsa a layinku a ce shi ne ba ya goge wa mutane kaya, kuma wannan suna ya fi kuɗin fomate ɗari. Kai kuma da ka riga ka iya, ka rubuta wa na kusa da kai, da Hausa, a takarda in ta kama, ka manna a bangon gidan gem na unguwarku.

Rashin sani ya fi dare duhu, gaskiya ne. Amma wannan duhun na layi ɗaya ne mai gaɓa shida, kuma ga shi nan a sama na rubuta. Daga yau duk wanda ya goge diskin yaro saboda bai ɗauru ba, kada ya ce bai ji ba.